Cakulan ɗin Baƙin Gwaggo

Wanda ya ba mu aronta ya karɓi abinsa. Allah ya ji ƙan Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta karɓe ni daga hannun uwata ranar da aka yaye ni, ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji.

Ranar da aka kai ta makwancinta, gidanmu na Zongo ya cika ya batse. Tabarmi sun fito har kan titi, masu zemijan, wato 'yan babur ɗin hayarmu na Kwatano, sai zagayawa suke yi ta bayan masallaci suna mita. Matan layinmu na kasuwa sun rufe rumfuna. Masu kifin unguwar Plakoji ta bakin teku, da ba su jin Hausa sai ta ciniki, sun zo sun zauna a bakin ƙofa, ba su tashi ba sai da rana ta yi sanyi. Wata mata da suka yi shekaru ba sa ga maciji da Gwaggo a kan ruwan wanke-wanke da ke bi ta ƙofarta, ita ta fi kowa kuka, har sai da aka riƙe ta. Wani tsohon direba ya ce shi bai taɓa shan zagin da ya ƙosar da shi ba irin na bakinta, don tana zagin tana tura masa kwanon tuwo. Aka yi dariya a wurin makoki, Liman ma bai hana ba.

Ni ina ta kai ruwa ina kwashe kwanuka, ina amsa “ya haƙuri”, sai Iya, tsohuwar Bayarabiyar da katanga ɗaya ta raba mu, ta jawo haɓar zanina ta zaunar da ni kusa da ita. Ta ce da Hausarta mai karkata:

“Ku mutum ɗaya kuke wa kuka. Baƙinta fa, wa ta bar wa?”

Nan na kifa kai a cinyar Iya na yi kukan da ban yi ba tun safe. Na san baƙin da take nufi. Matattu ne, sunayensu kuma a kan Gwaggo kaɗai suke, ta tafi da su ba ta faɗa wa kowa a gidan ba.

Mijin Gwaggo mai masauki ne tun kafin a haife ni. Fatake da direbobi da 'yan ci-rani daga Maraɗi, Gaya, Sakkwato, Birnin Ƙonni, duk wanda mota ta zubar a Zongo bai san kowa ba, gidanmu ake nuna masa. Da mijin ya rasu ba ta rufe zauren ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, ta ce to ba komai, ga 'ya'ya nan mota na kawo mata da gemunsu. Yawancinsu su yi kasuwarsu su koma. Amma gidan da baƙi ke kwana, wataran baƙo zai mutu a cikinsa. Zazzaɓi ya kayar da wani, mota ta buge wani, wani kuma ya kwanta lafiya, a je tashinsa sallar asuba a tarar ya riga mu. In an san garinsu sai a ba direba saƙo. Da yawa ba a sani ba, ko an sani saƙon ya tafi shiru. A yi musu sutura, a kai su, a dawo a ɗauke tabarmarsu a shimfiɗa wa wani.

A Zongo in watan Sha'aban ya raba, ranar mamata ce. Maza su tafi maƙabarta da safe, su cire ciyawa a kaburburan iyaye, su yi addu'a. Mata a gida su toya waina, su dama fura, a raba wa yara da mabuƙata, kowa da niyyar nasa. Baƙon da aka binne ba dangi ba shi da mai tuna shi a ranar. Gwaggo ta ce ba a gidanta ba. Wanda ya cika a zaurenta nata ne, ita za ta yi masa sadaka.

Sai dai ita ba waina take yi ba. Cakulan take yi, abin da mu a nan muke ce wa shokola. Asalin abin a bakin Iya na ji shi, don Gwaggo ba ta ba da labarin da za a yabe ta a ciki.

Wani ɗan dako ne, mutumin wajen Dogondutsi, ya zauna a zauren shekara da shekaru. Aikinsa ɗaukar buhunan kakawo da motoci ke kawowa daga iyaka zuwa tashar jiragen ruwa, 'ya'yan itacen nan da Turawa ke yin cakulan da su. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Gwaggo tana jinyarsa, ta tambaye shi abin da ransa ke so, ko fura, ko ɗan farfesu. Ya yi 'yar dariya ya ce shi fa wuyansa ya ƙare a ƙarƙashin buhun kakawo, amma bai taɓa sa abin da ake yi da shi a baki ba. Gwaggo ta yafa mayafi da tsakar rana, ta taka har kantunan Turawa na wajen bakin teku, ta sayo wani ɗan mitsitsi a takarda mai ƙyalli. Ta dawo ta tarar an ja masa zani har ka. Abin ya narke a hannunta. Ta tsaya a ƙofar zaure ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ga wata yarinya tana wucewa da tallan gyaɗa. Ta kira ta, ta lakata mata a tafin hannu, ta faɗa mata sunan mamacin a kunne, ta ce ta roƙa masa jin ƙai. Da Sha'aban ya zagayo ta sake, ta ƙara da na sauran baƙin da suka riga shi.

Da farko sayowa take yi. Da baƙin suka yi yawa, zamani kuma ya ƙuntata, lokacin da ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi kasuwa ta mutu murus, sai ta ce za ta yi da hannunta. Iya ce ta koya mata, don mutanensu manoman kakawo ne. Direbobi in sun sauke kaya su share bayan mota, su kawo mata abin da ya zube, wani a leda, wani a hula. Ta tsince tsakuwa, ta soya a kasko har ya fara fashewa, ta murje, ta sheƙe ɓawon a faifai. Daga nan sai turmi, kuma ni ce mai daka tun ban kai tsayin taɓarya ba. Kai, na daku. Daka ne wanda ba a cewa ya yi sai garin ya saki mai ya koma laushi yana ƙyalli, sannan ta ɗora a dutse ta niƙa da kanta. Na taɓa cewa mu kai inji, ga shi nan a bakin layi. Ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni ko injin da ya gama niƙa tattasai ne zai niƙa abincin baƙinta. Ta zuba sukari da madarar gari da 'yar soyayyar gyaɗa da ɗan kanumfari, duk da ido, ta cura ƙanana, ta jera a kwano ta ajiye a kan jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, don zafin Kwatano kafin ruwa ya sauka ba ya barin irin wannan abu ya tsaya da ƙafarsa. Gaskiya ba irin na kanti ba ne. Yana da ɗaci-ɗaci, yana da tsaki a haƙori. Amma ƙamshinsa har masallaci, ranar nan masu alwala sai waige suke yi.

Bayan la'asar ta ɗaura sabon zani, ta ajiye kujerarta ta tsugunno a ƙofar zaure, yaran unguwa su yi layi. Ta ɗauki ɗaya, ta kamo kunnen yaro, ta raɗa masa suna, ya ce Allah ya ji ƙansa, sannan ta sakar masa a hannu. Wanda ya maimaita sunan da ƙarfi ya sha ranƙwashi, don ta ce sunan mamaci ba kayan talla ba ne. Mu 'yan gida kuwa ko ɗanɗane. A wurinta sadakar da ta koma cikin gida ba ta fita ba. Ni da kafaɗata ta yi tsami a turmi, ko taɓarya zan lasa sai ta juya baya. Shi ya sa har ta bar duniya ba wanda ya ji suna ko ɗaya a cikinmu.

Tsohon Liman ya taɓa yi mata magana, a hankali, don shi ma yana tsoron bakinta. Ya ce waina ta fi cika cikin mai yunwa, wannan kayan marmari ne. Ta ce ranar nan yaro zai ci waina a gida goma, ya kwanta bai san ta wa ya ci ba, amma wannan ba zai mance ƙofar da aka ba shi ba. Liman ya ce Allah ya karɓa. Sannan ya ce to a ba shi ɗaya ya ji. Ta ce sai in zai shiga layi ya miƙo kunne.

Ba zan ce tana da sauƙi ba, don na zauna da ita. In ta ƙi abu ta ƙi shi har abada. Ba ta taɓa hawa zemijan ba, ta ce ba za ta rungumi bayan ɗan wani a tsakiyar titi ba, kuma duk inda ƙafarta ba za ta kai ta ba Allah bai rubuta mata zuwa ba. In ta aike ki kika daɗe, tun daga ƙofa za ki fara jin tarihin kakanninki. Amma shekarar da teku ya ci kwalekwalen masunta a Plakoji, ita ta ɗora mini tukunyar shinkafa a ka, ta ɗauki ta miya, muka taka har can. Wata ta ce mata ai ba Musulmi ba ne. Ta ce ita shinkafa ta dafa, ba wa'azi za ta je yi ba.

Rigimarta mafi girma da Baba ta yi, ƙanenta, mahaifina. Shekarar da aka saki bakin mutane ne, jam'iyyu suka tsiro ko'ina, mutumin da jiya ba ya iya tari a gaban soja yau ya hau tebur yana jawabi. Baba yana da motocin haya, ya shiga wata jam'iyya da ƙafa biyu. Zaɓe ya zo daf da rabin Sha'aban. Sai ga shi da katan-katan na cakulan na kanti, kyautar ɗan takararsu, kowane da ɗan hoton mutumin manne a jiki. Ya durƙusa ya ce, Yaya, bana ki huta da wahala, ga shi an kawo, za ma a zo a ɗauki hoto kina rabawa. Wallahi da zuciya ɗaya ya kawo, yana ganin ya yi mata gata. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta dubi hoton.

“In na kama kunnen yaro, sunan wa zan faɗa masa? Na baƙona, ko na wannan mai tabarau?”

Baba ya ce ai duk sadaka ce.

“Baƙina ba su da katin zaɓe. Kwashe.”

Bai kwashe ba, sai ta kwashe masa. Ta dinga ɗauka tana fitarwa tana direwa a bakin titi, a gaban mutanen jam'iyyar da suka rako shi. Baba ya ce ta tozarta shi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Watanni suka yi, in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ga shi kuma ranar zaɓe ita ta riga kowa fita. Ta taka, ta tsaya a layi cikin rana, ta dawo tana nuna mana yatsa da tawada. Ta ce tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa tambayarta wa take so, yau an tambaya, ina dalilin da za ta zauna. Baba ya aiko ni in ji wa ta zaɓa. Ta ce in gaya masa mai tabarau dai ya ci kansa. Da shekara ta zagayo, Baba da kansa ya kawo rabin buhun kakawo ya jingine a ƙofar ɗakinta. Ta leƙo ta dubi buhun, ta dube shi, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Bayan na yi aure ina dawowa duk Sha'aban in yi mata daka. Da na ga ƙafa ta fara ja, na ce Gwaggo, sunayen nan fa, ki faɗa mini. Ta ce tana raye nake rabon gadonta? Na ce to a samu ɗan makaranta ya rubuta. Ta ce takarda baki gare ta da za ta roƙa musu gafara? Na ji haushi ranar, na koma gidana ban yi mata sallama ba. Taurin kai irin nata ban taɓa gani ba.

Sai ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Ɓarin jiki ya shanye, harshe ya yi nauyi. Na dawo na zauna jinya. Kullum in na gama goge mata jiki sai in kai kunnena bakinta in ce, Gwaggo, ko ɗaya ne. Leɓe ya motsa, iska kawai ke fita. Ni hankalina a tashe, ita kuwa ta dube ni da idon nan nata ko a jikinta. A farkon Rajab Allah ya karɓe ta.

Da Sha'aban ya matso Baba ya ce in yi sadakar da niyyar duk wanda ya rasu a zauren, Allah ya san sunan kowa. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma ni tambayata ɗaya ce, in yaro ya miƙo kunne me zan ce masa. Duk da haka na soya, na daka, Iya ta zauna a gefe tana gyara mini sukari. Bayan la'asar na fito da kujerar na zauna. Yara suka yi layi kamar kullum. Na farko, wani ɗan tela mai giɓi, ya matso ya karkato kai. Na ɗauki cakulan ɗin, na kama kunnensa, bakina wayam.

Muna haka sai wani mai zemijan ya tsaya ya kashe babur, ya sauko da ɗansa daga kan tanki. Na san shi, a layinmu ya tashi, yanzu har da gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kira ni Tanti, yadda ake kiran iyaye mata a nan.

“Tanti, ba ni nawa. Na kawo yaron nan ya karɓe ni.”

Na ce masa ai sunayen sun tafi da mai su.

Ya dube ni kamar bai gane ba. Ya ce shi nasa yana nan. Tun yana famfarar haƙori mutum ɗaya take ba shi, duk shekara shi ne dai, wani mai gyaran takalma daga wajen Gaya. Da ya yi girman layi ta fitar da shi, ta ce daga yau kai ne danginsa. Ya ce shi duk zatonsa 'yan gida sun sani. Ya karɓi ɗaya daga kwanon, ya kama kunnen ɗansa ya raɗa masa, yaron ya ce Allah ya ji ƙansa.

Na juya wurin ɗan telan da ke tsaye har yanzu. Na ce kai fa, wa take ba ka? Ya waiga hagu da dama, ya ɗago ƙafa, ya kai bakinsa kunnena ya faɗa mini. Na bayansa ma haka. Kowane yaro da mutuminsa, ba wanda ya yi tuntuɓe. Ashe duk shekarun nan da nake ganin tsohuwa tana kama kunnuwa yadda suka zo, tana sane da kunnen da ta zuba wa kowane suna.

Magana ta bazu a unguwa. Kafin magariba manya suka fara zuwa, mata da goyo, mai nama da wuƙarsa a ƙugu, wata ɗaliba da ta zo hutu daga jami'ar Kalabi. Kowa ya sunkuya ya ba ni nasa a kunne, ya karɓa, ya ba ɗansa ko ƙanensa. Ba duka suka dawo ba. Akwai yaran da suka girma suka tafi Legas da Abijan, akwai waɗanda su ma suna maƙabarta, kowannensu ya tafi da baƙonsa. Waɗannan sai dai Allah, shi da ba ya mantuwa.

Layi ya ƙare, saura kaɗan a kwano. Sai na ga wata 'yar ƙaramar yarinya raɓe da bango, 'yar wasu baƙi ce da suka sauka a zauren a makon nan daga arewa. Ta ga yadda ake yi. Ta matso a hankali, ta karkato kai ta miƙo mini kunne. Ita ba ta da kowa, ni kuma ba ni da sauran wanda zan ba ta. Iya ta taɓa ni da sandarta.

“Ba ta sunan uwar riƙonki. Ita ma ba ta bar ɗa ba.”

Tun da na buɗe baki na fara magana ban taɓa faɗin sunan Gwaggo ba. Ko yarinyar da aka sa wa sunan, sai dai in ce mai sunan Gwaggo. Ko a asibiti da aka tambaya, Baba na tura. Kunya ta rufe ni kamar tana zaune tana kallona. Na kama ɗan kunnen nan, na sunkuya, na faɗa.

Yarinyar ta ce Allah ya ji ƙanta, idonta a kan kwano. Na ce amin, ya sa can ta fi nan, ya haɗa ta da baƙinta a inuwa ɗaya. Ban saki kunnen ba sai da na sake faɗa mata sunan, na ce baɗi ta dawo mini da shi.